Shin kifayen da ke tace ruwa suna tsabtace mahaɗar kogi da teku?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da na daɗe ina jin ana maimaitawa, kuma ina so mu auna ta tare. Ana cewa kifayen da ke samun abincinsu ta hanyar tace ruwa, irin su menhaden na gaɓar Amurka da bonga na gaɓar Afirka ta Yamma, su ne masu share mahaɗar kogi da teku, domin suna iyo baki buɗe suna kwashe filankton, wato ƙananan halittun nan masu yawo a cikin ruwa waɗanda ido ba ya iya ganin mafi yawansu ɗaya bayan ɗaya. Idan takin zamani daga gonaki da ƙazantar birane suka kwararo ta kogi, filankton na tsiro ya samu abinci ya yawaita har ruwa ya sauya launi, sai a ce da an bar waɗannan kifaye sun yi yawa da sun cinye matsalar. A mashigin Chesapeake na gabashin Amurka, inda kogin Susquehanna shi kaɗai yake kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga, wannan hujja tana cikin waɗanda masu neman a rage kamun menhaden suka sha kafawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makomar abin da kifin ya haɗiye. Naitirojin da fosfaras ɗin da ke jikin filankton, wato sinadaran takin da ya ci ya yawaita, ba sa ɓacewa don kawai sun shiga cikin kifi. To ina suke tafiya, kuma da wace kama suke fitowa? Ina roƙon waɗanda suka san aikin su yi mana bayani dalla-dalla.

Injiniya Bashir:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ni dai ina cikin masu ganin maganar tana da tushe. Duk wanda ya yi aikin tace ruwa ya san cewa abin da mataci ya riƙe ya fita daga ruwan, kuma garken menhaden guda ɗaya kan ƙunshi dubban kifaye, kowane da matacinsa, suna tafe suna shara sa'o'i masu yawa. Muna da misali makusanci a wannan mashigi na Chesapeake ɗin: a 1988 masani Roger Newell ya ƙiyasta cewa kawa, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke ci ta hanyar tace ruwa, wadda ke mashigin kafin a yi mata kamun ƙare-dangi a ƙarshen ƙarni na 19 tana iya tace ruwansa gaba ɗaya cikin kwanaki uku zuwa shida, alhali ragowar da ta saura a zamaninsa sai ta ɗauki kusan shekara guda. Raguwar kawa ta zo tare da gurɓacewar ruwan. Idan halitta mai zama wuri ɗaya tana da irin wannan tasiri, me zai hana kifi mai yawo, wanda ke bin filankton har inda ya fi taruwa, ya yi irinsa ko fiye?

Dakta Rakiya:

Injiniya, kafin mu kai ga hukunci, yana da kyau mu fara duba matacin da kansa, domin yadda aka gina shi ne yake yanke abin da zai shiga cikin kifi da abin da zai tsira.

A ƙarƙashin murfin kuncin kifi akwai ƙasusuwa masu lanƙwasa waɗanda ke ɗauke da jajayen zaren da yake numfashi da su. A ɗaya gefen waɗannan ƙasusuwa, ta wajen baki, akwai jerin siraran haƙora kamar na mataji, kuma a jikin menhaden da bonga haƙoran suna da tsawo, suna da yawa, kuma suna kusa da juna ƙwarai. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'aunin rariyar. Binciken da Ann Durbin da Edward Durbin suka wallafa a 1975 ya nuna cewa babban menhaden ba ya iya riƙe ƙwayar da ta gaza kimanin maikuromita 13 zuwa 16, kuma maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙananan da ba su shekara ba suna kama abin da ya kai maikuromita 7 zuwa 9, saboda tazarar haƙoransu ta fi ƙanƙanta. Wannan yana nufin kifin yana sauya abinci yayin da yake girma: yana ɗan tsako yana tsinkar filankton na dabba ɗaya-ɗaya da ido, idan matacinsa ya tsiro a cikin mahaɗa sai ya koma cin filankton na tsiro da ruɓaɓɓun ɓarɓashin ganyaye, idan ya manyanta kuma sai filankton na dabba ya ƙara yawa a abincinsa. To a lokacin zafi, mafi yawan filankton na tsiro da ke cika irin waɗannan mashigai ƙanana ne ainun, da yawansu ba su kai maikuromita 5 ba, saboda haka sai su bi ruwa su fice ta kunci lafiya lau.

Akwai kuma wani abu da ni kaina ya sauya mini tunani. An daɗe ana ɗauka cewa matacin yana aiki ne kamar rariyar gari, ruwa ya wuce, abinci ya maƙale. A 2001 Laurie Sanderson da abokan aikinta suka zura siririyar kyamara cikin bakin wasu kifaye uku suna tsakiyar ci, ciki har da wani nau'in karfasa, sai suka ga ƙwayoyin abinci ba su cika taɓa haƙoran ba. Ruwan yana gudu ne a gefen matacin, yana tsiyayewa a hankali ta tsakanin haƙoran, ƙwayoyin kuma suna ta taruwa suna yin kauri har su isa maƙogwaro. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa matacin kifi ba ya toshewa kamar na injin, kuma ya nuna cewa kifi kan iya riƙe wasu ƙwayoyin da suka fi tazarar haƙoransa ƙanƙanta, musamman idan yauƙi ya haɗe su wuri ɗaya. Saboda haka alƙaluman da na kawo a sama iyaka ce ta kusa, ba katanga ba.

Daga maƙogwaro, a dangin su menhaden akwai wasu 'yan aljifai biyu a can saman bayan baki inda ake dunƙule abin da aka tara da yauƙi kafin a haɗiye. Sai tumbi, wanda ɓangarensa na baya yake da kaurin tsoka kamar ƙundu, sai ɗimbin 'yan jakunkuna masu kama da yatsu a farkon hanji waɗanda ke faɗaɗa wurin tsotse abinci, sannan hanji mai tsawo da murɗe-murɗe.

Malam Habibu:

Na gode, Dakta. Amma me ya kawo ƙundu a jikin kifin da abincinsa bai kai ƙwayar ƙura ba? Abin da ido ma ba ya gani, me za a niƙa a jikinsa?

Dakta Rakiya:

Tambayar ta dace, Malam, kuma amsarta ita ce zuciyar batun narkewa. Ƙanƙantar ƙwaya ba ta hana ta sulke. Dayatom, wani filankton na tsiro wanda shi ne ya fi yawa a bunƙasar filankton ta bayan sanyi, kafin zafi ya kankama, a mashigai masu yawa, yana zaune ne cikin ɓawo na silika mai kama da gilashi, murfi biyu ɗaya a kan ɗaya. Wasu nau'o'in gansakuka suna da bango mai tauri wanda sinadaran narkewa na kifi ba sa iya rusawa, wasu kuma, musamman siyanobakteriya, wato bakteriyar da ke rayuwa da hasken rana kamar tsiro, suna lulluɓe kansu da kauri na yauƙi. Abincin yana ciki, amma sai an fasa ƙofa.

Kifaye sun bi hanyoyi daban-daban wajen fasa ta. Menhaden da danginsa suna niƙa, kuma 'yan ƙwayoyin yashi da lakar da suka haɗiya tare da abinci suna taimaka wa ƙundun. Karfasa ta bi hanyar tsami: a 1973 David Moriarty ya nuna, a aikin da ya yi a tafkin George na Yuganda, cewa tumbin karfasa yana zuba asid har ma'aunin tsaminsa ya sauka ƙasa da 2, wato tsami mai tsanani, kuma wannan tsami ne yake fasa ƙwayoyin siyanobakteriya. Abin da ya fi jan hankalina a aikinsa shi ne cewa tsamin ba ya kaiwa haka da sassafe lokacin da kifin ya fara ci, saboda haka abincin farko yakan wuce kusan yadda ya shiga, sai rana ta yi sannan narkewa ta kankama. Kifin kaf mai ruwan azurfa na ƙasar Sin kuwa ba shi da tumbi ko kaɗan. Yana murje abinci da haƙoran maƙogwaro, sannan ya dogara da hanjin da ya ninka tsawon jikinsa sau da yawa.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da take cikakkiya. A 2005 Kevin Friedland da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa siyanobakteriya na iya ratsa cikin menhaden su fito da rai. An ga irin haka a kashin kifin kaf ma. Ku duba abin da wannan ke nufi: ƙwayar da ta shiga hanji ta fito da ranta ta yi wanka ne a cikin ruwa mai cike da naitirojin da fosfaras, alhali abokan gasarta masu saukin fashewa sun narke. Wato kifin yana zaɓe sau biyu, a mataci da kuma a hanji, kuma a duka biyun waɗanda ke tsira sau da yawa su ne ƙanana da masu sulke, waɗanda ba su ne muke fatan su yawaita ba.

Malam Nuhu:

Allah ya ƙara basira, Dakta. Bari in ɗora daga inda kika tsaya, wato abin da ya narke ɗin, domin nan ne kwatancin Injiniya da matacin injin ya rabu da gaskiyar kifi. Matacin injin ana ciro shi a zubar da abin da ya tara a wani wuri daban. Kifi kuwa yana zaune cikin ruwan da yake tacewa, kuma a cikinsa yake fitar da komai.

Idan abinci mai sauƙin narkewa ne, menhaden yana tsotse fiye da kashi 80 cikin ɗari na naitirojin ɗin da ke cikinsa, kamar yadda gwajin su Durbin na 1981 ya nuna. Sai dai ɗan kaɗan ne daga ciki yake zama tsoka. Iyo da baki buɗe aiki ne mai cin ƙarfi, kifin yana ƙara sauri idan ya sami abinci, buƙatarsa ta iskar oksijin tana hauhawa, kuma yana ƙona furotin don samun wannan ƙarfi. Ragowar ƙonawar ita ce amoniya, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, wadda mafi yawanta take fita ta gaɓar numfashi kai tsaye zuwa cikin ruwa. A wancan gwaji, fiye da rabin naitirojin ɗin da kifin ya ci ya dawo cikin ruwa, kuma cikin 'yan sa'o'i bayan ci.

To a wurin filankton na tsiro, amoniya ita ce abincin da ya fi sauƙi. Naitiret, wato kamar da naitirojin ke zuwa da ita ta kogi, sai ƙwaya ta kashe ƙarfi ta sauya shi kafin ta yi amfani da shi, amoniya kuwa a shirye take. Saboda haka garken kifi yana wucewa yana rage manyan ƙwayoyi a gabansa, yana barin taki a bayansa, kuma ƙananan ƙwayoyin da suka tsere wa matacinsa su ne suka fi kowa iya zuƙe wannan taki da sauri, domin faɗin fatarsu yana da yawa idan aka gwada da girman jikinsu. Naitirojin ɗin da zai iya zama kulle cikin jikin dayatom na kwanaki sai ya sake shiga zagaye a yini guda.

Akwai kuma batun rabo tsakanin sinadaran. Tun 1934 Alfred Redfield ya lura cewa filankton na teku yana da rabo kusan tsayayye, wanda daga baya aka daidaita shi a kan ƙwayar zarra 106 ta kabon, 16 ta naitirojin, 1 ta fosfaras. Jikin kifi bai bi wannan rabo ba, domin ƙashi da ɓawon fata suna cin fosfaras mai yawa. Ƙaramin kifi mai saurin girma yana riƙe fosfaras don gina ƙashi, ya saki naitirojin fiye da kima. Wannan yana da muhimmanci a mahaɗa, inda a ɓangaren ruwan daɗi fosfaras ne yakan yi ƙaranci, a ɓangaren gishiri kuma, musamman da zafi, naitirojin ne yake taƙaita tsiro. Kifin da ke sakin amoniya a ruwan gishiri lokacin zafi yana ba da ainihin abin da ake ƙishirwarsa. Silika kuwa ba ta dawowa da wannan sauri, domin ɓawon dayatom yana bin kashi ya nutse, ya daɗe kafin ya narke. Idan aka haɗa waɗannan, sai ka ga sikelin yana karkata daga dayatom zuwa ƙwayoyin da ba su buƙatar silika.

Injiniya Bashir:

Malam Nuhu, na karɓi batun amoniya, kuma na yarda kwatancina ya gaza a nan. Amma kai da kanka ka ambaci kashin da ke nutsewa, kuma ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ƙwayar filankton guda ɗaya tana iya shafe kwanaki tana shawagi, amma idan kifi ya dunƙule dubbanta cikin kashi, nan da nan take isa ƙasa. A cikin laka akwai bakteriyar da ke mayar da naitirojin iska, ya tashi ya bar ruwan gaba ɗaya, kuma wannan ita ce hanyar da muke amfani da ita da gangan a wuraren sarrafa ruwan ƙazanta. Idan kifin yana gaggauta kai kaya ga waɗannan bakteriya, ashe ba cirewa ta gaskiya yake taimakawa ba?

Malam Nuhu:

Haka ne, Injiniya, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenka. Sai dai tana da sharaɗi wanda ka fi ni saninsa daga aikinka: sauyin yana da mataki biyu. Da farko wasu bakteriya suna mayar da amoniya naitiret, kuma ba sa yin haka sai da oksijin. Daga nan wasu daban, a ɗan ƙasa kaɗan inda babu oksijin, su mayar da naitiret iskar naitirojin. Dole siririn saman laka ya kasance yana da oksijin, ƙarƙashinsa kuma babu. A wuri marar zurfi inda cikar teku da janyewarta ke juya ruwa kullum, wannan sharaɗi yana cika, kuma a can zan yarda cewa kashin kifi, kamar na kawa, yana iya ƙara yawan naitirojin ɗin da ke fita.

Amma mahaɗa mai zurfi tana da wata ɗabi'a: ruwan daɗi mai sauƙi yana kwanciya a kan ruwan gishiri mai nauyi, su ƙi gauraya, musamman idan zafi ya dumama na sama. Ruwan ƙasa sai ya yanke daga iska. Duk abin da ya faɗo masa daga sama ruɓewa zai yi ya cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage. Idan oksijin ya ƙare, matakin farko ya tsaya, na biyu ya rasa kayan aiki, amoniya ta riƙa fitowa daga laka, sannan fosfaras ɗin da ƙarfen cikin laka yake riƙe da shi ya kuɓuce ya dawo ruwa. Haka ke faruwa kowace shekara a tsakiyar kwarin Chesapeake, haka kuma a gaban bakin kogin Misisipi na Amurka, inda a 2017 aka auna yankin da ya rasa oksijin ya haura murabba'in kilomita 22,000. A irin waɗannan wurare, gaggauta kai kaya ƙasa ƙarin nauyi ne. Aikin kifin iri ɗaya ne a wuraren biyu, zurfi da motsin ruwa ne suke yanke sakamakonsa.

Malama Zulaihat:

Ina biye da ku tun farko, kuma na lura duk muna magana kamar kifin yana zaune a mahaɗa har abada. Alhali abin da ya bambanta shi da kawa, kuma a ganina shi ne mafi girman tasirinsa, shi ne tafiya.

Menhaden a teku yake zuba ƙwai. 'Yan tsakinsa suna shigowa mahaɗa siraru kamar zare, nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Suna shafe watannin zafi suna ci suna girma, nauyinsu ya ninka sau ɗaruruwa, sannan idan sanyi ya gabato su fice zuwa teku garke-garke. Duk naitirojin da fosfaras ɗin da ya zama tsoka da ƙashi a waɗannan watanni ya fita tare da su. Linda Deegan ta auna wannan a mahaɗun jihar Luwiziyana ta Amurka da menhaden na Mashigin Tekun Meziko, ta wallafa a 1993, kuma ta ƙiyasta cewa abin da kifayen ke fita da shi ya kai kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da tsirrai da filankton na wurin ke samarwa a shekara. Ba ƙaramin abu ba ne a ce jinsin kifi ɗaya ya ɗauki wannan kaso. Kuma kayan da ya fita ta wannan hanya ya bambanta da wanda ruwa ke kwashewa, domin ruwa yana fitar da narkakken sinadari da ɓarɓashi, kifi kuwa yana fitar da furotin da mai, a dunƙule, a shirye don manyan kifaye da tsuntsaye da dabbobin teku.

Bonga ma yana da irin wannan zirga-zirga tsakanin teku da mahaɗa da tafkunan gaɓa, daga Muritaniya har Angola, kuma yana jure sauyin gishiri ƙwarai, har yana rayuwa a Sine-Salum ta Senegal inda gishirin ruwa a can ciki yakan fi na teku saboda ƙarancin ruwan daɗi da yawan ƙafewa.

Amma kada a ɗauka tafiyar kullum waje take yi. Michael Vanni ya yi shekaru yana nazarin wani ɗan'uwan menhaden mai ƙundu a tafkin Acton na jihar Ohio ta Amurka, ya nuna cewa idan kifin ya koma cin ruɓaɓɓen abin da ke cikin laka, to yana ɗebo sinadaran da suka riga suka kwanta a ƙasa ya sake su a cikin ruwa, ya ciyar da filankton da abin da da ba zai samu ba. Na san wancan tafki ne na ruwan daɗi, amma kifayen mahaɗa da yawa suna cin laka da ɓarɓashin ciyayin fadama idan filankton ya yi ƙaranci, saboda haka darasin ya shafe mu.

Injiniya Bashir:

Malama, bayaninki ya kai ni wani wuri da ban yi tsammani ba. Idan cirewa ta gaskiya ita ce fitar jikin kifin daga mahaɗa, to jirgin da ya kama menhaden ya sauke shi a tudu, kamar yadda ake yi a Reedville ta jihar Bajiniya inda ake mayar da shi mai da garin abincin dabbobi, shi ma cire naitirojin yake yi, har ma fiye da ƙaura, tunda wannan ba zai dawo ba. Ke nan hujjar tsabtace ruwa, wadda ake kafawa don a rage kamu, tana iya juyawa ta zama hujjar ƙara kamu. Ina faɗin wannan da gaske, domin idan lissafin haka yake, ya kamata a faɗe shi.

Malama Zulaihat:

A lissafin sinadari zalla, gaskiya ka faɗa, Injiniya, kuma gara a faɗa. Amma mu sa alƙaluma. A 2017 an ƙayyade kamun menhaden na masana'anta a cikin Chesapeake a tan 51,000 a shekara. Naitirojin a jikin ɗanyen kifi bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa ba, wato ko an cika ƙa'idar, abin da aka cire yana tsakanin tan 1,000 da 1,500. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya a 2010 a kan naitirojin ɗin da ya kamata ya shiga mashigin ta haura tan 80,000 a shekara, kuma wannan buri ne da ake neman saukowa gare shi. Kamun bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Haka kuma aikin da Patrick Lynch da abokansa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa idan aka cire amoniyar da menhaden ke saki daga abin da yake ci, ragowar ba ta isa a dogara da ita wajen gyara ruwan mashigin ba. Saboda haka ni ba zan kare kifin da hujjar shara ba, kuma ba zan yarda a ƙara kamunsa da ita ba. Darajarsa tana wurin da yake tsaye tsakanin filankton da masu cinsa, kuma a kan wannan ne hukumar kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika ta koma yin lissafinta a 2020, inda ta fara la'akari da buƙatar manyan kifayen da ke rayuwa a kansa kafin ta yanke yawan abin da za a kama.

Malam Habibu:

Yanzu na ga inda kowane kaso yake tafiya: wani ya fice ta kunci bai taɓu ba, wani ya dawo amoniya, wani ya nutse, wani ya bi kifin teku. Saura abu ɗaya da Dakta ta ambata a wuce. Kin ce babban menhaden yana cin filankton na dabba sosai. To waɗannan 'yan dabbobi ai su ne ke kiwon filankton na tsiro. Idan kifi ya cinye makiyayan, ashe tsiron ba zai ƙaru ba? Kuma idan mutum yana so ya gwada wannan a manyan tankuna, ta yaya zai raba tasirin cinye makiyaya da tasirin takin amoniya, tunda duka biyun kore ruwa suke yi?

Dakta Rakiya:

Zai iya ƙaruwa, Malam, kuma su Durbin sun taɓo wannan a lissafin da suka yi game da mashigin Narragansett na Amurka a 1998, inda suka nuna garken manyan menhaden na iya rage filankton na dabba da manyan ƙwayoyin tsiro, ƙananan kuma su sami sarari da taki. Dalilin yana cikin saurin haihuwa: ƙwayar tsiro tana iya rabuwa biyu cikin yini ɗaya, kofifod kuwa, wanda shi ne ya fi yawa cikin 'yan dabbobin, yana buƙatar makonni kafin ya kai haihuwa. Idan aka rage su tare, tsiron ne yake riga farfaɗowa. An ga makamancin haka a tafkin Donghu na birnin Wuhan a ƙasar Sin, inda kifayen kaf suka kawar da manyan curin siyanobakteriya da ke taruwa a saman ruwa, amma ƙananan ƙwayoyi suka ci gaba da yawa.

Game da gwajin, tanki biyu ba za su isa ba. Kana buƙatar wanda babu kifi, da wanda kifi ke yawo a sake, da wanda aka ajiye kifin a wani tanki na gefe ana ciyar da shi, ana tace ruwansa a zubo narkakken abin da ya saki kaɗai, sannan na huɗu wanda babu kifi amma kana cire filankton na dabba da raga mai ƙananan idanu gwargwadon abin da kifin zai ci. Kowane iri a maimaita shi aƙalla sau uku. Kada ka auna koren ruwa a dunƙule. Ka raba samfurin gida biyu da mataci na maikuromita 10 ko 20, ka auna kowane kaso daban, domin jimillar tana iya tsayawa wuri ɗaya alhali manyan sun ƙare ƙananan sun ninka. Kuma ka zaɓi tanki mai faɗi da zagaye, domin menhaden ba ya ci yadda ya saba sai yana cikin garke yana da filin iyo, kuma ka rubuta tsawon kowane kifi kafin ka saka shi, tunda mai santimita 8 da mai santimita 25 ba abinci ɗaya suke kamawa ba.